Hannun Hagun Sista

Sista ta yi shekaru tana jinyar masu shanyewar ɓarin jiki a asibiti, sai ga shi bayan ta yi ritaya ciwon ya same ta ita ma, ta ɓangaren dama. Allah ya sa ya zo da sauƙi. Ƙafa ta dawo, baki ya miƙe, amma hannun dama ya ƙi. Ko cokali ta ɗauka sai ya zame.

A falonta akwai wani tsohon fiyano jikin taga, abin kiɗan nan mai madannai farare da baƙaƙe. Tun tana budurwa ta koya, kuma cikin duk abin da ta iya ba wanda ta fi so kamar wani wals, irin kiɗan nan mai tafiya uku-uku da mutum biyu ke takawa suna juyawa. Da aka sallamo ta sai ta sa aka lulluɓe fiyanon da zanin gado. Mijinta, wanda kowa ke kira Injiniya, ya fara ajiye jarida da kofin shayi a kai, ba ta ce masa uffan ba. Da a da ne, da ya sha faɗa.

Wata Asabar da hantsi ta kira ɗiyar ƙanwarta, Auta, mai koyar da kiɗa a makarantar sakandare.

"Ki nemo mota ki kai shi makarantarku," in ji Sista. "Tsaya min a rai kawai yake yi."

"To Anti, bari in ji lafiyarsa tukuna."

Auta ta yaye zanin ta zauna. Wals ɗin nan ta ɗauko, don ta sha jin sa a gidan, amma da hannun dama kaɗai, hagun na kan cinyarta. Sista ta daure na ɗan lokaci, sannan ta yamutsa fuska.

"Ke, ina sauran? Ya fito salam, kamar abinci ba gishiri."

"Sauran na wajenki. Zo ki zauna."

"Hagu ai ɗan rakiya ne. Dum-ca-ca, dum-ca-ca, iyakar aikinsa ke nan."

Duk da haka ta taso, tana gunaguni. Yatsunta na hagu ba su manta ba. Ƙaramin yatsa ya faɗa ƙasa ya ba da sauti mai kauri, sauran suka biyo da biyu marasa nauyi. Suka yi layi ɗaya tare, sai Auta ta riƙe mata hannu.

"Anti, me kika danna yanzu?"

"Abin da ke kan takarda mana. Haka aka koya min, haka na haddace."

"Duba su. Sunansu do, mi, so. Ukun nan in sun haɗu, su ne gidan wannan kiɗa. Nan yake tashi, nan yake kwana. Yanzu ci gaba, in na ce tsaya ki tsaya."

Sista ta ci gaba. Tana isa wani wuri da yatsu huɗu ke sauka tare, Auta ta ce, "Tsaya!" Sautin ya rataye a falon. Can sai Injiniya, da ke zaune a gefe, ya sauke jarida.

"Haba, ku ƙarasa mana! Kun bar mutum kamar mai jiran atishawa."

Auta ta kwashe da dariya har da tafi. "Kin gani? Kawu bai san komai a kiɗa ba, amma kunnensa ya san ba a kai gida ba."

"Na gode da yabo," in ji Injiniya.

Ta nuna wa Sista madannan ɗaya bayan ɗaya: so, ti, re, fa. "Dubi ti. Tsakaninta da do babu baƙin madanni, jikinta take, saura ƙiris ta shiga. Fa ma haka ta jingina da mi. Biyun nan su ke ja, kowacce na neman maƙwabciyarta. Sake su ki ji."

Sista ta matsar da yatsun. Do, mi, so. Ita kanta sai da ta sauke ajiyar zuciya. Ta sake komawa baya, ta sake dawowa, har sau da yawa, kamar yarinya da aka ba sabon abin wasa.

Ba a nemo mota ba ranar. Auta ta koma zuwa duk Asabar, suna bin kiɗan gaɓa-gaɓa. Sista ba ɗaliba mai sauƙi ba ce. Komai sai ta ce don me, kuma in amsar ba ta gamsar da ita ba sai ta ce wannan kame-kame ne. Akwai ranar da hagun ya gaji, ta manta ta ɗaga dama don ta taimaka, hannun ya faɗi kan madannai da wani mummunan ƙara. Ta rufe fiyanon ta shige ɗaki. Auta ta zauna ta sha shayi da Injiniya ta tafi. Da Asabar ta zagayo, ta tarar da murfin a buɗe.

A ranar suka iso tsakiyar kiɗan. Sista ta nuna wurin a takarda kafin ta fara.

"Nan wurin, duk sanda na zo sai idona ya kawo ruwa. Waƙar hannun daman ce ke da ban tausayi."

"Haka kike gani? Saurara." Auta ta danna sauti guda da hannun dama, mi, ta riƙe. "Ba ni gida." Sista ta ba ta do, mi, so, abin ya fito wasai. "Yanzu matsar da babban yatsa gaba ɗaya tak, daga so zuwa la." Sista ta matsar. Auta ba ta motsa nata ba, amma sai kiɗan ya yi duhu, kamar hadari ya rufe rana.

Sista ta kalli babban yatsanta na hagu ta daɗe.

"Wai kina nufin duk shekarun nan wannan ɗan banzan ne ke sa ni kuka?"

"Shi ne, Anti. Hannun dama na faɗin maganar, hagu ke ba ta ma'ana."

Sista ta yi dariya, hawayen kuma suka zo duk da haka. Ta share da gefen ɗankwali ta ce su sake.

Daga nan Asabar ta yi mata nisa. Ranar Talata ta leƙa tsakar gida inda Injiniya ke zaune a kan tabarma yana kwance fanka.

"Baban yara, wanke hannunka ka zo. Ina neman hannun dama."

"Ni? Da waɗannan yatsun?"

"Ɗaya kawai nake so."

Ya zauna gefenta a takure, yana laluben madannai da manuni. Ta nuna masa sauti biyar na farko. Ya yi kuskure a na huɗu, ya ce shi bai ji bambanci ba.

"Fa ka danna a kan gidana, shi ya sa suke faɗa. Sauko ɗaya."

Ya sauko, sautin ya zauna. Ya juyo ya dube ta ta saman tabarau.

"Kai! Ashe abin da lissafi."

"Da lissafi mana. Ƙirga uku, kuma kada ka riga ni."

Ya riga ta. Ta zungure shi da gwiwar hannu, suka koma farko.