Gonar Baba a Kan Katako

A shekarar da aka ƙirƙiro jihar Taraba aka yi min canjin wurin aiki zuwa Jalingo. Na kama haya a Barade, a gidan Inna Bara'atu, wata tsohuwa mai ginin tukwane. Daga baya na ɗauko mahaifina, Baba Simeon, daga Zing, saboda idonsa na mutuwa. Likita bai ɓoye mana ba: kafin ruwa ya sauka, ɗan hasken da ya rage zai tafi. Launi mai ƙarfi kaɗai yake iya gani, shi ma sai an kai masa dab da hanci.

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tada kunyar doya, ga shi yau zaune a kan benci. Abin ya tsaya min a rai. Ni malamar zane ce a firamare, sai na ƙudura cewa sai Baba ya sake ganin gonarsa, ko da a kan katako ne.

Ina da yumɓun roba mai launi kala-kala, tsarabar wata ƙawata da ta je kwas ƙasar waje. Murza shi ake yi a yanka, a gasa a obin da 'yar wuta kaɗan, kamar biskit. Na murje shi da kwalba, na yayyanka da reza ƙanana-ƙanana kamar farce, don in lilliƙa su a katako su ba da hoton gonar: ja don ƙasa, kore don ganye, shuɗi don sama. Ko gutsure ban rage ba. Na jera su a tire na bari a baranda, da niyyar in na taso daga makaranta in kai gidan ƙawata, don ita ke da obin.

Tun daga bakin layi warin ƙonanniyar roba ya tare ni. Na tarar da Inna a bayan gida, inda take gasa tukwanenta, riƙe da tire na. Abin da ke ciki ya narke ya haɗe, baƙi ƙirin.

"Lois, 'yata," in ji ta, "na gani kayanki yana zaune ɗanye, na ce bari na sa miki cikin wutana. Ashe ba ƙasa ba ne."

Bakina ya cika da magana, kuma kowa a Barade ya san bakina ba ya jiran izini. Amma sa'ar uwata ce, kuma taimako ta yi niyya. Na shige ɗaki na yi kuka mai isata, domin ko a Jos ban san inda zan samo irinsa ba.

Washegari ta turo ƙofata da ƙafa, ɗauke da curin yumɓu a kwano.

"Useko," ta ce da Fulatanci, "ki yi haƙuri, tashi. Nuna min gonan nan."

"Inna, wannan ai launinsa ɗaya ne. Me zai gani?"

"Ke dai zana."

Na zana mata ba don na yarda ba, don dai in rabu da ita. Ni ke yanka, ita ke yi wa kowane guntu irin adon da take yi wa randa. Na kunyoyi ta mirgina musu totuwar masara suka yi kaushi-kaushi. Na rafi ta ja musu layi da tsinke. Na sama ta goge su da dutse suka yi santsi. Sai dai ƙasa ba ta san sauri ba. Na farko da muka shanya a rana duk suka tsattsage, dole muka sake, muka bar su su bushe a inuwa. Kafin mu gasa su, mu lilliƙa a katako da gam, ruwa ya sauka, idon Baba ya rufe gaba ɗaya.

Na jingine katakon a bango, ko kallonsa ba na son yi. Inna ce ta ɗauka ta aza masa a cinya.

"Mai gida, kawo hannu," ta ce, ta kama yatsunsa ta ɗora.

Ya fara shafawa daga sama, a hankali. Ya gangaro, ya bi rafin da yatsa ɗaya har ƙarshe. Da ya iso kan kunyoyin sai hannunsa ya tsaya cak. Na dubi Inna, tsohuwar da na kusa yi wa rashin kunya, na rasa da wane baki zan gode mata. Da nawa na roba ne mai santsi, da yanzu ba abin da zai taɓa sai katako mai sulɓi.

"Lois," in ji Baba, "wane ne ya yi kunyan nan?"

"Ni ce, Baba, ni da Inna."

"Kun matse shi da yawa. Doya ba zai yi girma ba." Ya gyara zama, ya jawo katakon jikinsa da hannu biyu. "Zo zauna, na nuna miki yadda ake yi."