Ƙofar Sito

Gwaggo ta dire kofin shayinta, ta sake kallon ƙofar sito. Har yanzu a rufe. Tun ɗazu ta aiki Dogo ya ɗauko katan ɗin faranti. Mai saye ta gaji da jira ta tafi, shi shiru kamar an shuka dusa.

Dogo ɗan yayanta ne, bai daɗe da fitowa daga gidan yari ba. Uwarsa ce ta zo ta durƙusa har ƙasa kafin Gwaggo ta yarda ta ɗauke shi aiki a shagon, shi ma da sharaɗi: cokali ɗaya ya ɓace, ya kama gabansa.

"Ni dai na faɗa miki," in ji maƙwabciyarta mai sayar da labule, tana ƙas-ƙas da cingam. "Mutum ya shiga sito ya turo ƙofa? Akwai taga ta baya fa. Yana miƙawa, wani na karɓa."

Gwaggo ma abin da take ta juyawa a ranta ke nan. Ta tuɓe takalmi, ta yi sanɗa, ta bankaɗa ƙofar.

Yana tsaye dab da ita, katan a hannu, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Tagar kuwa ko yanar gizo-gizon da ke kanta ba a taɓa ba.

"Uban me kake yi a nan?"

Ya ajiye katan, ya juya ya fuskanci bango, ya ware hannuwa. "Ki caje ni, Gwaggo."

"Kai, tambayarka nake yi!"

"Iska ce ta rufo ƙofar."

"To? Hannunka ya karye ne?"

"Jira nake a buɗe." Ya sunkuyar da kai. "A can, ba mu ke taɓa ƙofa ba."

Kunya da tausayi suka kama Gwaggo. Yaron da ta goya!

"Sauke hannun nan, ka ɗauki katan ɗin," ta ce. "Wannan ƙofar ba mai buɗe maka ita."

Ta fito, ta jawo ƙofar ta rufe da kanta, ta tsaya ba takalmi. Mai labule ta buɗe baki, Gwaggo ta ɗaga mata hannu.

An jima sosai. Can sai mariƙin ƙofar ya soma motsi, a hankali.