Babbar Rigar Baba Ubale a Cikin Inji

Tunda aka kawo Bushira gidan Baba Ubale a Tiga, in ban da gaisuwa ba ta taɓa yi wa surukin nata magana ba. Gaisuwar ma a durƙushe take yi, kai a ƙasa, murya can ciki. Da ta jiyo gyaran muryarsa a zaure, ko tuwo take tuƙawa sai ta saki muciya ta faɗa ɗaki. Duk abin da zai wuce tsakaninsu sai ya bi ta bakin Inna Delu, uwar mijinta. Baba ya ce a gaya wa yarinyar nan miya ta yi daɗi, Inna ta juya ta faɗa, alhali duk su ukun suna tsakar gida ɗaya.

A cikin kayan ɗakin Bushira akwai injin wanki mai baki biyu, ɗaya na wankewa, ɗaya na matsewa. Kowa a gidan ya ɗanɗana daɗinsa ban da Baba Ubale. Shi masunci ne, tun yana yaro aka taso da su daga tsohon garinsu da ruwan dam ya cinye, kuma a wurinsa duk abin da hannu bai cuɗa ba bai wanku ba. Yakan wuce injin ya harare shi, ya ce wannan tukunya ce kawai ake dafa tufafi a ciki.

Ran wata Asabar za a ɗaura auren Saudatu, 'yar ƙanensa marigayi, a Tudun Wada bayan Azahar, shi ne kuma waliyyi. Babbar rigarsa ta fita kunya guda ɗaya ce, farar shadda mai aiki a wuya. Da hantsi Inna Delu ta ciro ta daga akwati, sai ga jirwayen goro a gaba, ga warin ajiya. Baba ya tafi dam duba komarsa tun asuba. Inna kuwa wuyan hannunta na ciwo. Ta kawo rigar ta ajiye a gaban Bushira, ta ce ta jefa a tukunyar nan tata kafin ya dawo, ba lallai ya sani ba.

Bushira ta ji daɗi har cikin ranta. Ta zuba ruwa, ta sa garin sabulu, ta murɗa maɓalli. Inji ya kama juyi, kumfa ta taso. Tana cikin shara ta ji ya yi wani gurnani, ya yi ƙwas, ya tsaya.

Ta leƙa ɗaki, fanka na juyawa, ke nan wuta ba ta tafi ba. Ta zare filogi ta mayar. Ta sake murɗawa, inji ya yi nishi bai motsa ba, sai wani ɗan warin zafi da ya taso. Nan ta tsorata ta zare filogin gaba ɗaya. Inna Delu ta zo ta ɗaɗa masa tafin hannu a gefe, yadda take yi wa rediyonta, nan ma bai motsa ba.

Bushira ta kira mijinta Nazifi, wanda ke jan motar haya a hanyar Kano. Cikin hayaniyar tasha ya tambaya ko ta cika masa kaya ne. Ta ce riga ɗaya ce. Ya tambaya rigar wa. Da ta faɗa sai ya ce ta zubar da ruwan ta ciro rigar ta wanke da hannu, shi fasinja na jiransa, kuma don Allah kada a ce ya san da maganar.

Ta kwantar da tiyo, ruwan kumfa ya malale tsakar gida, agwagin Inna suka taho da gudu. Ta kama rigar ta ja. Rigar ta ƙi zuwa. Ta sunkuya ta duba da kyau, sai ta ga wani siririn zaren roba ya fito daga aljihu, ya naɗe hannun rigar tamau, ya shige ƙarƙashin faifan nan da ke juyawa a gindin inji. In ta ƙara ja, shadda za ta yage.

Suna tsaye a kan inji aka yi gyaran murya a zaure.

Bushira ta yi bayan ƙyauren ɗakinta. Baba Ubale ya shigo da kifi a hannu, ya tsallake kumfa, ya ce a fito masa da riga ta sha iska. Inna Delu ta nuna masa inji da baki. Ya leƙa. Ya daɗe yana leƙe. Bushira na hango ƙeyarsa ta tsagar ƙofa.

Da ya ɗago, ba maganar riga ya yi ba. Ya ce wannan ai zaren fatsarsa ne, sabo, wanda ya sayo a kasuwar Bebeji. Inna Delu ta riƙe haɓa. Ta ce au, wanda ya ce ita ta ɗauka ta ɗaure bakin buhun masara? Wanda ya sa aka kwashe kayan rumbu ana nema? Baba ya ce ba lokacin tone-tone ba ne yanzu.

Inna ta miƙo reza ta ce a yanke kowa ya huta. Ya dube ta kamar ta ce a yanke masa yatsa. Masunci ba ya yanke zare, in ji shi, warwarewa yake yi. Ya naɗe hannun taguwa, ya jawo turmi ya zauna, ya zura hannu cikin tukunyar da ya rantse ba zai taɓa ba.

Ana haka aka aiko cewa motar mata 'yan biki ta cika, Inna kaɗai ake jira. Ta yafa mayafi da saurin da Bushira ba ta taɓa ganin ta yi ba, ta ce Allah ya ba da sa'a, ta fice.

Gida ya rage daga Baba sai Bushira sai agwagi.

Baba ya warware na jikin hannun riga kaɗan, amma sauran ya shige ƙarƙashin faifai inda yatsa ba ya kaiwa. Ya ja nan, can ya ƙara ɗaurewa. Inuwar katanga tana ta janyewa. Bushira kuwa ta san abin yi, don ta taɓa ganin Nazifi ya kwance kusar da ke tsakiyar faifan ya ɗaga shi, ranar da ɗan kunnenta ya faɗa. Ta buɗe baki, ya rufe kansa. Ta yi tari, Baba bai juyo ba. Ta tuna Saudatu, da mutanen da za su cika ƙofar gida suna jiran waliyyi, da yadda za a ce amaryar Nazifi ce ta dafa masa riga.

Ta fito ta durƙusa daga ɗaya gefen injin, yadda jikinsa ya kare ta. Ta kafa ido a kan maɓalli.

"Inji," ta ce, "ka gaya wa Baba akwai kusa a tsakiyar faifan. In an kwance ta, faifan yana ɗagowa."

Hannun Baba ya tsaya. Agwagwa ɗaya ta wuce ta tsakaninsu. Can sai ya gyara murya, shi ma ya dubi injin.

"To, kai tukunya, tambaye ta da me ake kwancewa."

"Ka ce masa sukundireban yana mota. Amma bakin wuƙa yana yi."

"Gaya mata wuƙar masunci ba ta rabuwa da shi."

Ya zaro wuƙar gyaran kifi, ya goge ta a gwiwa, ya sa bakinta a kan kusar. Da farko ya murɗa ta wajen ɗaurewa, sai da Bushira ta roƙi inji ya ce masa ɗaya hannun. Kusa ta fito. Ya ɗaga faifai, ga zare nan ya dunƙule a jikin ƙarfen kamar sheƙar tsuntsu, har da 'yar dalmarsa. Ya zare shi gaba ɗaya ta sama, ya bi sauran a hankali har hannun riga ya saki. Ko tabo babu a shaddar. Ya naɗe zaren a yatsu yana murmushi, kamar ya kamo giwan ruwa.

Ya mayar da faifai, ya ɗaure kusa. Bushira ta zuba sabon ruwa, ta sa filogi, ta yi bisimilla ta murɗa. Inji ya yi ɗan jim, sannan ya kama juyi lafiya lau. Baba bai tashi daga turmi ba. Ya kalli wanki, ya kalli ɗauraya, da aka zo matsewa inji ya kama rawa har ya ja turminsa baya kaɗan.

Jirwayen goro ya fita tas. Bushira ta bi rigar da dutsen guga, ta ɗan sha rana a igiya, amma wuyan bai gama bushewa ba lokacin da mai babur ɗin da zai kai shi ya yi hon a waje. Baba ya taɓa, ya ce iskar hanya za ta ƙarasa kafin Tudun Wada. Ya zura, ya saɓa hannuwa a kafaɗa, ya karya hula.

Har ya kai bakin zaure ya dawo. Ya shiga ɗakinsa ya fito da taguwar sunsa mai ƙarnin kifi, ya zazzage aljihunta ɗaya bayan ɗaya a gaban injin, sannan ya ɗora masa a ka.

"Ka gaya mata na duba, babu komai. Kuma Allah ya yi mata albarka."

Bushira ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ka ce amin," ta ce wa injin, "kuma Allah ya kiyaye hanya."