Fuskar Maidaji

"Ɗan wa ne wanga?" Baba Tankari ya maka jakar a kan tebur har shayin Alhaji Dogara ya fantsalo. "Alhaji, ka hwaɗa mini, ɗan wa ne?"

Ina tsaye a bakin shagon, a benen kasuwar Tianxiu da ke Guangzhou ta ƙasar Sin, na zo ɗaukar kwalaye zuwa sito. Alhaji Dogara, mai sarin jakunkunan 'yan makaranta yana aikawa Kano, ya ɗauki jakar ya jujjuya.

"Maidajinka ne mana. Ga malfarsa, ga rigar layunsa, ga shi can yana tashi sama. Me kuma ya rage?"

"Huskar hwa?"

Na leƙa. Na san Maidaji sarai, don ɗakina da na Baba Tankari a unguwar Sanyuanli bango ɗaya ne ya raba, kuma bangon nasa duk hotunan Maidaji ne. Jarumi ne da Baban ya ƙirƙira da fensirinsa, baƙi wuluk, da zanen Gobir daga gefen baki har kunne, irin wanda ke fuskar Baban. Amma na kan jakar nan fari ne tas, kumatunsa sumul, hanci kamar biro.

"Samfur ne kawai," in ji Alhaji, yana goge shayin da hankici. "Za a duba. Zauna ka huta, dubi yadda kake haki."

Bai zauna ba. Ni na riƙo shi muka sauko, ƙafafunsa sun kumbura har silifas ba ya shiga sosai.

Baba Tankari mutumin Tibiri ne, kusa da Maraɗi. Da can allunan shaguna yake rubutawa, a nan kuma yana zana wa 'yan kasuwa tambarin kaya. Amma abin da ya kawo shi Sin da gaske shi ne ya buga littafin Maidaji, irin littafin nan na hotuna da magana ke fitowa daga bakin mutane. Kowa ya nuna wa sai ya ce ya yi kyau, ya miƙo masa abinsa. Alhaji Dogara ne kaɗai ya ce a fara ɗora shi a jaka, in yara sun saba da fuskar sai littafi ya biyo baya.

Ni a aji uku na bar makaranta. Na yi acaɓa, na sayar da waya, na yi yaron mota, babu inda na daɗe. Abin da kawai ke zaunar da ni wuri ɗaya ina yaro shi ne irin waɗannan littattafai na gwanjo, na Turawan da ke ɗaga mota da hannu ɗaya. Ranar da na fara ganin Maidaji a saman gajimare da fuskar mai goron layinmu, sai da na tuntsire da dariya.

"Mi ne na dariya, ɗan Kano?" in ji Baba Tankari. "Samar ta uban Turawa ce?"

Lokacin ana ta wasannin Olamfik. A Beijing ake yi, amma mu a Guangzhou muka ji a jikinmu. 'Yan sanda a bakin jirgin ƙasa, 'yan sanda a matakala, ko'ina fasfo. Bizar Baba Tankari ta daɗe da mutuwa, saboda haka asibiti ma ya haramta gare shi. Habsatou, wata 'yar Yamai da ke dafa tuwon sayarwa a hawan da ke ƙasa da mu, ita ke kawo masa kunu, tana ajiyewa tana faɗa.

"Baba, ka tahi ka ba da kanka. Su tsare ka kwana kaɗan su sa ka jirgi. Can gida ga likita, ga ɗiyarka. Nan mi kake jira, mutuwa?"

"Sai an maida mishi zanenshi. In na tahi yau, gobe su buga shi hakanan."

"Hoto ne hwa, Baba!"

"Ke ma hoto ce a paspo ɗinki. Bari su goge miki hanci mu gani."

Kamfanin da ke buga jakunkunan yana can wajen gari, kuma hanyar duk shingen bincike. Ni bizata da sauran rai, sai na ce zan je. Ya naɗe mini asalin zanen a cikin jarida, ya kama wuyan hannuna.

"Zayyad, kada ka yi musu hushi irin naka. Ka nuna musu kawai."

Wata yarinya 'yar Sin na tarar a gaban kwamfuta, da tabarau da kofin taliya a gefe. Na shimfiɗa zanen, na nuna mata kumatun. Ta gyaɗa kai tana murmushi, ta nuna na'urar da ke ɗaukar hoto, ta yi alamar karce da farce. Da ɗan Turancinta da ɗan nawa na gane abin da ya faru. Ta ɗauka na'urar ce ta kakkarce fuskar, shi ya sa ta zauna ta goge layukan ɗaya bayan ɗaya. Baƙin kuma ta zaci tawada ce ta yi yawa.

Na ciro wayata na nuna mata hoton Baba Tankari. Ta kawo shi kusa da tabarau, ta daɗe tana kallo, sai ta rufe baki da hannu.

"Sori, sori!"

Ta danna nan, ta danna can. Kafin in gyara tsayuwa Maidaji ya dawo, baƙi, da zanensa cif. Ashe ba ta jefar da komai ba. Ta ce babu wahala, amma sai lawban, wato mai oda, ya ce to. Na kira Alhaji ina murna.

"Alhaji, an gyara! Kuskure ne ashe, cewa kawai za ka yi a buga."

Ina jin ƙarar salatif a bayansa.

"Zayyad, kai yaro ne a kasuwa. Uwa ta riƙo ɗanta ta shigo Sabon Gari, ga fari mai kyau, ga baƙi da fuska a tsattsage. Wanne yaron zai nuna? Ni da na ga samfurin nan cewa na yi Allah ne ya gyara mana. Su kansu Gobirawan, wa yake yi wa ɗansa zane yanzu?"

"Alhaji, mutumin nan ba shi da lafiya. Wannan yake jira."

"Allah ya ba shi lafiya. Ni kaya zan sayar, ba tarihi ba. Ba ta wayar."

Na ba ta. Ta saurara, ta ce oke, oke. Ta dube ni, ta kawar da kai, ta danna abu ɗaya. Kumatun suka koma sumul.

Da la'asar na iso gida. Baba yana kishingiɗe, an tara masa matasai a baya don in ya kwanta sosai numfashi gagararsa yake. Na faɗa masa yadda aka yi, ban rage komai ba.

"Ita 'yar Sin ɗin ta yarda?"

"Ta yarda, Baba. Har haƙuri ta bayar."

"Namu ne ya ƙiya."

"Shi ne."

Ya shafa kuncinsa a hankali, daga baki zuwa kunne. "Ina da kwana bakwai a duniya wanzami ya yi mini wanga. Uwata ta ce ko a cikin dubu aka jefa ni, za a san gidan da za a maido ni." Ya yi tari mai tsawo. "Kashe hwankar nan, sanyi nake ji."

Daga ranar bai sake taɓa fensir ba. Na ce to tunda magana ta ƙare, ya zo mu je ya miƙa kansa. Ya ce gobe. Da goben ta zo ya ce matakalar ta yi masa tsawo. Na ce zan goya shi. Ya ce ɗan Kano bai isa ya goyi Bagobiri ba, ya yi 'yar dariya, ita ma ta koma tari.

Ranar da ya rasu da hantsi ne. A shagon ƙasa an fito da talabijin bakin titi, 'yan unguwa sun taru suna kallon tsere. Baƙaƙe ne a gaba, ana ta yi musu tafi da ihu. Ina ɗaura takalmi zan fita sai na ji kwano ya faɗi, na ji salatin Habsatou. Na same shi a zaune yadda na bar shi, kansa ya karkata wajen bango, kunu yana bin ƙasan ƙofa.

Motar asibiti ta zo tare da 'yan sanda. Kafin su dubi gawar, fasfo suka tambaya, nasa da nawa da na Habsatou.

Sai da aka yi kwanaki ana kai da kawo kafin su ba mu shi, muka kai shi maƙabartar Musulmin garin. Alhaji Dogara yana sahun gaba. Ya yi kuka, kuma na san ba na ƙarya ba ne. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Mutumin kirki, wallahi. Ga hannun zane." Na zame kafaɗata. Habsatou ta ɓamɓare hotunan bango kafin mai gida ya zuba su a shara, ta ce za ta ba wani mai zuwa Maraɗi ya kai wa ɗiyarsa Balkissa.

Bayan an gama wasannin jakunkunan suka iso sitonmu, kuma ni aka sa lodinsu a kwantena. Wani kwali ya fashe a hannuna, suka zubo ƙasa, fuskoki farare suna kallon rufi. Na tsuguna na ɗauki ɗaya. Na ciro biron da muke rubuta lambar kwali, na ja layi daga gefen bakinsa zuwa kunne, na ƙara wani, na ƙara wani. Robar santsi gare ta, ba ta kama tawada. Da na ɗaga jakar, duk layukan sun koma kan babban yatsana.

Direba ya danna ham. Na mayar da ita cikin 'yan'uwanta, na ja salatif.