Matakalar Jif ɗin Suhaibu

Labaran mai gyaran jikin mota na Kwangila shi ya wulaƙanta ni a gaban surukaina, Mai Unguwa, kuma ƙararsa na kawo. Ban yi boko ba, amma na san inda ƙafata take takawa.

Ɗana Suhaibu yana da jif, irin mai tsayin nan kamar raƙumi. Kowane mako yana zuwa aiki Kaduna. Da mai ya yi tsada sai ya kai wa Labaran kukansa. Shi kuma ya ce masa wai iska ce ke shan man, wai tana tokare motar a babban titi. Iska! Shekara saba'in ina shaƙarta a Tudun Wada, ban taɓa ganin ta da jarka ba.

Suka kwance kariyar ɗora kaya da ke saman motar, suka lulluɓe cikinta da langa-langa. Wannan duk ba ruwana. Amma har da matakalar gefe suka cire, ƙarfen da nake ɗora ƙafa in hau. Wai ita ma tana kama iska.

Ban sani ba sai ranar sunan jikata a Kaduna, wadda aka yi mini takwara. Na ci ado da leshi, na ɗaga ƙafa, na taka wayam. Rauda matar Suhaibu ta toshe baki da mayafi, wai tari ne ya kama ta. Ta miƙo kujerar tsugunno daga kicin, na taka, suka turo ni daga baya kamar buhun gero. Muka kama hanya, gilashi a rufe ruf, don Labaran ya hana a sauke. Kujerar kuwa aka bar ta nan ƙofar gida.

Muka isa, ƙofar gidan suna cike da maza, Alhaji, uban mijin 'yata mai jegon, na zaune a tsakiya. Na leƙa ƙasa na ga rijiya. Gwiwar nan tawa ba ta tsalle. Suhaibu ya ce zai ɗauko ni a hannu.

"Ka ɗauke ni a gaban Alhaji," na ce, "ka nemi wata uwar."

Ya ce to a samo turmi. Na ce ni ba na taka abin da ake daka abincin mutane. Aka shiga neman kujera, duk mata sun zaune su, ni kuma na hana a faɗi dalili.

Haka na wuni a mota. Nan aka kawo mini waina, nan aka miƙo mini takwarata ta taga kamar mai karɓar kati a asibiti. Mata na cewa Hajiya ta yi girman da ba ta taka ƙasa. Saboda zafi, Suhaibu ya bar injin a kunne da na'urar sanyi tun hantsi har la'asar. A hanyar dawowa mai ya ƙare mana a Jaji.

Jiya na aika a karɓo ƙarfena, aka ce Labaran ya yi masa ƙafafu yana ɗora kwanon abincinsa. Ranar arba'in zan koma Kaduna, kuma da ƙafata zan shiga ɗakin yarinyar nan. A kira shi yanzu, ya zo gabanka ya faɗi wanda ya ba shi izinin taɓa matakalata.