Gargaɗi Uku ga Makahon Ƙadangare

Ranar Lahadi aka kawo shi cikin robar yogot, daga wata gona a Umm Salal, can ƙasar Larabawa, inda masu dashen dabino suka tono shi. Tsawonsa bai fi yatsa ba, launinsa kamar na tana. Inda ya kamata idanu su kasance fata ce ta rufe ruf, sai ɗigo biyu masu duhu a ƙarƙashi.

Haulat, mataimakiya a wani ƙaramin ɗakin bincike da ke Al Aziziya, ita aka ba aikin ƙirga ɓawon jikinsa. Layi ashirin da biyu ta samu a tsakiya. Sau huɗu ta maimaita.

Shugabarta, Dokta Adijatu, 'yar Zongon Kumasi, ta leƙa madubin ƙara girma ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Ba maciji ba ne. Dubi nan kusa da wutsiya, ragowar ƙafa ce. Ƙadangare ne, kuma babu shi a littafin kowa." Ta dafa kafaɗar Haulat. "Laraba za ki kashe shi ki sa a kwalbar sinadari. In babu gawa a kwalba, babu mai yarda da sabon suna. Kuma sunanki zai fito a takardar, kusa da nawa."

Shekara biyu Haulat ta yi tana wanke kwalaben wasu don ta ji wannan magana.

Sai dai abin yana bin ta da kai. Ta tsaya bakin taga, ya juyo taga. Ta cire takalmi ta lallaɓa bayan firji, kan nan marar ido ya ɗago daga yashin akwatin gilashin da aka sa shi ya same ta. Dokta kuwa ko ta buga tebur ba ya kula ta.

A gidansu a Zariya ba a kashe abu mai jan ciki da ya shigo ɗaki sai an gargaɗe shi kwana uku, don ba a san ko wane ne ba. Kakarta takan buɗe ƙofa kafin ta yi magana, ta ce ba a sallamar baƙo ƙofa a rufe.

Da azahar ranar Lahadin, da Dokta ta fita cin abinci, Haulat ta zame murfin akwatin gilashin kaɗan.

"In kai ba abin da muke gani ba ne, don Allah ka tafi."

Bai motsa ba. Ta rufe. Litinin ma haka, Talata ma haka, sai dai ranar Talata an kira sallah tana tsakiyar magana, ta tafi alwala ta bar murfin yadda yake.

Da ta dawo babu shi, yashin ya kwanta sumul. Babu ko ɗan sawu a jikin gilashin, balle a kan tayil. Ta tankaɗe yashin da rariya har sau uku.

"Ke, Haulat, me kike tankaɗewa? Tuwo za ki yi mana?" Dokta ce a bakin ƙofa, da kofin shayi. Dariyar ta tsaya da ta ga akwatin.

"Ni na buɗe, Anti."

"Kika buɗe? Don me?"

"Gargaɗi na yi masa."

Dokta ta ajiye kofin a hankali. "Na ce miki ba maciji ba ne."

"Na sani."

"Ba shi da kunne, 'yar uwa. Da me ya ji ki?" Ta kawar da kai daga akwatin, kamar ita ma ba ta son tambayar. Sannan ta jawo takardar ƙirgen ta jefa a durowa. "Khalas, shi ke nan. Babu suna, ba nasa, ba naki."

Haulat ta fito ƙarfe huɗu, rana na dukan bangon gidaje, titin babu kowa. A gefen hanya akwai dogon gurbin shuka furanni cike da yashi. Tana tafiya, wani siririn layi yana tasowa a cikin yashin daidai ƙafarta. Ta tsaya. Ya tsaya.