Hatimin Farfesa Gu

Ni Pyo Man-sik, aji uku na yi a firamare, sauran rayuwata kamun kifi ne a Tongyeong.

Jikata Eun-sol ta yi digiri na biyu a Daejeon, kan hanyoyin da kwamfutoci ke bi su aika wa juna saƙo. Wani kamfani a Busan mai kula da wayoyin ƙarƙashin teku ya ɗauke ta aiki, da sharaɗin ta zo da takardar kammalawa kafin bazara. Malaminta, Farfesa Gu, ya ƙi buga hatiminsa a kundin bincikenta. Wai aikin bai nuna ba. Ita ke kula da injinan ɗakin bincikensa, ita ke kai ɗansa lesin. So yake ta ƙara shekara.

Ubanta ya ce ta yi haƙuri. Ni na hau mota zuwa Daejeon.

Na same su a gidan gashin nama, farfesa da ɗalibansa, har da Eun-sol.

"A'a, Baba da kanka? Kifi ka kawo mana?" in ji shi. Ɗalibai suka yi dariyar dole.

"Hatimi na zo gani," na ce. "An ce ya fi jirgina nauyi."

Ya basar, ya zuba wa Eun-sol giyar soju. Kowa ya san ƙa'ida: ƙarami ya karɓa da hannu biyu, ya kau da kai gefe kafin ya sha. Ta karɓa da hannu biyu. Ta shanye tana kallon tsakiyar idonsa.



"Wuyanki ya sage ne, Eun-sol?"

"Lafiyarsa lau, Malam. Da safe na je wurin shugaban sashe, na nemi a canza mini mai duba aiki."

Fuskarsa ta yi ja. "Waya ɗaya zan buga Busan, ki ga ko akwai mai ɗaukarki."

"Buga," na ce. "In layin ya ƙi shiga, ga mai gyara nan zaune."

Ta miƙe, ta rusuna, muka fita.

Ya buga ɗin kuwa. Busan suka ba wa wani aikin. Sai da kaka ta shiga wata malama ta karanta kundin, ta buga nata hatimin. Yanzu Eun-sol tana wani ƙaramin kamfani a Changwon, tana haɗa layukan sadarwa na asibitoci.

Ubanta har yau cewa yake ni na zuga ta. Ban zuga ta ba. Da ta tambaye ni, da na zuga.